Kalmar Sirri Marar Lanƙwasa

Malam Sharfaddeen ɓarawo ne. Bai taɓa haura katangar kowa ba, bai taɓa kwance akuyar maƙwabci ba, kuma duk wanda ya gan shi da farar shadda a sahun gaba zai ɗauka mutumin kirki ne. Amma ya saci sunan wata baiwar Allah ya yi ɓarna da shi, ya koma gefe yana kallo ana zaginta. Wannan sata ce, ko da bai ɗauki allura ba.

Baiwar Allah ɗin ita ce Malama Gumsu, jami'ar jarrabawa a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Ngojin, cikin Potiskum. Shekararta goma sha huɗu a wurin. Makarantar reshe ce, uwarta tana Damaturu, kuma a can aka ajiye wata babbar kwamfuta da suke kira saba, wadda duk takardun makarantar suke cikinta. Malami yana zaune a Potiskum sai ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, ya buɗe foldarsa da ke Damaturu kamar mai jawo durowar teburinsa. Foldar tambayoyin jarrabawa kuwa, a duk reshen mutum ɗaya take buɗe wa, Gumsu.

A gwajin tsakiyar zango sai tambayoyin 'yan aji biyar suka fito kwana biyu kafin ranar, aka same su a wayoyin ɗalibai. Aka duba saba, ta nuna cewa da sunan Gumsu aka shiga ranar Asabar. Ita kuwa ran nan tana Gadaka wajen sunan ɗan ƙanwarta, tana tuƙa tuwo a gaban mata fiye da ashirin. Shugaban makarantar, Malam Mahdi, dattijo mai ƙarancin magana, ya kira ta ofis.

"Na yarda ba hannunki ba ne," in ji shi. "Amma sunanki ne. Mutanen Damaturu suna suke gani, ba sa ganin hannu. In tambayoyi suka sake fita, ba ni da bakin da zan tsaya miki."

Barazanar korar ma ba ta kai abin da ya biyo baya ciwo ba. 'Yarta Mubaraka tana aji huɗu a makarantar, kuma ita ke zuwa ta ɗaya tun tana aji ɗaya. Sai mutane suka fara cewa to ga dalili. Yarinyar ta dawo gida wata rana ta ƙi cin abinci, ta ce an kira ta 'yar mai sayar da jarrabawa. Mutane suna da saurin yanke hukunci a kan abin da ba su gani ba, kuma ba sa dawowa su ba da haƙuri.

Damaturu ta rufe foldar har zuwa lokacin babbar jarrabawa. Ranar Alhamis, saura kwana huɗu a fara, aka zuba sababbin tambayoyi, aka ce kafin komai Gumsu ta canja kalmar sirrinta da hannunta, yadda ko mai kula da saba ba zai san ta ba.

Kwamfuta ɗaya ce a ɗakin malamai, a kusurwa kusa da taga. Teburin da ke bayanta na Malam Sharfaddeen ne, malamin Hausa. Iyayensa 'yan kasuwa ne da suka zo daga Kano tun bai yi wayo ba, amma in ya buɗe baki sai ka ce jiya ya sauka daga mota. Ya iya Hausa, wannan gaskiya ce. Shi ya sa wa kwamfutar haruffan Hausa masu lanƙwasa, kuma har takardar sanarwa in ya ga an rubuta ƙofa da ka zalla sai ya zaro jan biro ya gyara a gaban mutane. Gumsu kuwa Babarbariya ce, Hausa a kasuwa da makaranta ta koye ta, harshenta bai taɓa raba ka da ƙa ba. A Potiskum wannan ba abin magana ba ne, don rabin garin haka suke yi, kowa da irin tasa Hausar. Sharfaddeen ne kaɗai ya mayar da abin sana'a.

"A'a, Malama Gumsu," ya ce da ta shigo da hantsi. "An ce jiya kin yi baƙi. Ko baki kika yi?"

"Baki na yi, Malam. 'Yan Gadaka."

"Kun ji ko? Baki ta yi! Bakin ya kai nawa, Malama? Da haƙora ko babu?"

Malamai biyu suka yi dariyar dole. Malama Jamilatu mai koyar da lissafi ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai ka gama duba littattafan da ke gabanka tun Litinin."

Gumsu ta zauna gaban kwamfuta ta kira Injiniya Abdulsalam, mai kula da saba a Damaturu. Ya riga ya aiko mata da layi ɗaya ta waya, wanda ya ƙunshi umarnin canja kalma, da adireshin saba, da sunanta.

"Malama, buɗe baƙar tagar nan da na nuna miki, ki kwafi layin harafi bayan harafi. Kin gama? Danna enta. Yanzu za ta tambaye ki tsohuwar kalma."

Ta rubuta. Ba abin da ya fito a allon, ko ɗigo ɗaya.

"Injiniya, kibod ya mutu."

"Bai mutu ba. Haka take, ba ta nuna komai, don kada na bayanki ya ƙirga haruffan. Ki dai danna enta."

Ta danna. Allon ya yi shiru, netwok ya yi ta jan ƙafa, sannan sabon layi ya fito.

"Yauwa. Yanzu sabuwar take so, sau biyu, iri ɗaya. Harafi takwas ko fiye, da lamba a ciki. Kada ki gaya min, kada ki rubuta a takarda, kuma don Allah kada ki sa sunan 'yarki."

Tsohuwar kalmar kuwa sunan Mubaraka ce da lamba tara. "Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya min. Duk malaman Yobe sunan 'ya'yansu suke sawa. Zan kashe wayar don kada ma ki ce na ji. In ta karɓa ki yi min filashin."

Ta zauna tana tunanin abin da za ta sa. Ta tuna shekarunta a wannan ɗaki, da ranakun da ta zo aiki da zazzaɓi, da yadda rana ɗaya ta shafe duka. Sai ta ɗora manuniyoyinta biyu a kan kibod ta rubuta kokarina14. Ta sake rubutawa. Saba ta karɓa daga Damaturu. Ta yi wa Injiniya filashin, ta yi hamdala, ta tashi. Malam Sharfaddeen yana nan a bayanta, kansa a sunkuye cikin littattafai, jan bironsa a tsaye.

Gumsu tana da aibi ɗaya, kuma ba za a ɓoye shi don an tausaya mata ba. Da girmanta ta koyi kwamfuta, a wani shago kusa da tasha, inda aka koya mata ta riƙa faɗin harafi kafin ta danna shi. Shekaru suka wuce, ɗabi'ar ba ta wuce ba. Duk abin da yatsunta suka rubuta, leɓɓanta suna faɗinsa ƙasa-ƙasa, ita ba ta ma sani ba.

A cikin keke napep ta gane, bayan la'asar, a hanyar komawa gida Yerimaram. Tana rubuta wa mijinta saƙo, sai wata tsohuwa da ke gefenta riƙe da buhun zogale ta taɓa ta.

"'Yar nan, ki ƙara masa da tattasai. Kin ce ya sayo albasa da manja, to miyar da me za ta yi ja?"

Gumsu ta juyo. "Iya, kin karanta wayata ne?"

"Ni da ban yi boko ba? Da bakinki kika faɗa. Har mai keken ya ji."

"Na ji," in ji mai keken. "Har da cewa kada ya sake sayo ruɓaɓɓiya."

Suka yi dariya, ita ba ta yi ba. In ta faɗi albasa da manja, to ta faɗi sabuwar kalmar da safe, sau biyu, a ɗakin da mutane ke shiga da fita. Kuma haka ta yi ta faɗin tsohuwar shekara da shekaru. Ashe ba wanda ya fasa mata komai, da bakinta ta miƙa.

Ta sa mai keken ya juya. Ta tarar da ɗakin malamai a kulle, maigadi ya ce malamai huɗu ke da makulli kuma duk sun tafi. Saba ba ta buɗuwa sai daga cikin makaranta. Ta kira Injiniya sau shida, wayarsa ba ta shiga. Ta tsaya a bakin get tana tunanin kiran Malam Mahdi, ta kasa. Me za ta ce masa? Cewa amanar da ya tsaya mata a kai, ita ce ke shelarta kamar mai tallar ƙosai? Ta koma gida. Mubaraka ta tambaye ta ko lafiya, ta ce kanta ke ciwo.

Ranar Juma'a tun kafin a kaɗa ƙararrawa tana gaban kwamfutar, don ta riga kowa ta sake canja kalmar. Ta rubuta sunanta, ta rubuta kokarina14, ta danna. Saba ta ƙi. Turancin da ya fito gajere ne, kuma ta fahimce shi sarai: an rufe wannan suna.

To shi ke nan, ta ce a ranta. Tambayoyin sun fita, Damaturu ta gani, sun rufe ta tun kafin takardar kora ta iso. Ta gyara hijabinta ta nufi ofishin shugaba, don ta ga gara ta faɗa da bakinta tun da bakin ne ya jawo.

Malam Mahdi ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba, tun daga shagon tasha har tsohuwa mai zogale. Da ta gama sai ya kira Injiniya, ya sa wayar a sifika ya ajiye a tebur.

"Ranka ya daɗe, jiya ina hanyar Maiduguri ne, babu sabis," in ji Abdulsalam. "Bari in duba." Suka ji ƙarar kibod. Can sai suka ji dariya.

"Injiniya, abin dariya ne?" in ji Malam Mahdi.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ba mu ne muka rufe Malama ba, saba ce ta rufe da kanta. Jiya ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, daga kwamfutar ɗakin malamai, an gwada shiga da sunanta sau uku, duk ba daidai ba. In an yi kuskure sau uku sai ta kulle. Foldar tambayoyi ba wanda ya taɓa ta. Yadda aka zuba su haka suke."

Gumsu ta nemi benci ta zauna. Ta buɗe baki za ta yi hamdala, kuka ya riga ta. Malam Mahdi ya juya yana duba kalandar bango kamar bai taɓa ganinta ba, har ta share fuska.

"Amma ranka ya dade, an ji kalmar," ta ce. "Na fade ta da bakina. Sau biyu."

"To ya ji wata, ya rubuta wata," in ji Injiniya. "Abin da ya rubuta ba na iya gani, saba ba ta ajiye wannan. Yanzu zan buɗe ki, in ba ki kalmar wucin gadi, ki canja nan take."

A kwamfutar ofishin shugaba aka yi. Malam Mahdi ya fita ya ja ƙofa, ya tsaya a baranda yana korar duk wanda ya nufo. Gumsu ta buɗe baƙar tagar, ta kwafi layin, ta ba da kalmar wucin gadi. Da aka zo kan sabuwa sai ta kama gefen hijabinta ta cusa a baki ta cije. Ta rubuta sau biyu haƙoranta na riƙe da yadi. Saba ta karɓa. Abin da ta sa, har yau daga ita sai Allah.

Malam Mahdi bai koma ofis ba. Ya wuce ɗakin malamai ya tsaya gaban kwamfutar, hannuwansa a baya. A kusurwar allon, inda ake nuna harshen da kibod yake kai, ya ga an bar shi a kan Hausa. Ya daɗe yana kallon wurin. Wannan ba hujja ba ce, masu makulli huɗu ne, kuma dattijon ba ya tuhumar mutum da zato. Amma ya aika a gaya wa malamai duka su taru lokacin hutun tara.

Da suka taru bai ambaci jiya ba, bai ambaci saba ta kulle ba. Ya ce Damaturu ta umarci kowa ya canja kalmar sirrinsa kafin Litinin, kuma yana so a ga misalin kalmar da ta dace.

"Malama Gumsu ta sake canja tata yau da safe, don haka ta jiya ta mutu, ba ta da amfani. Malama, rubuta mana ita a allo, kowa ya ga tsawonta da inda ake sa lamba."

Gumsu ta ɗauki alli ta rubuta da manyan haruffa masu kyau irin na malaman da: kokarina14.

Da Malam Sharfaddeen ya yi shiru na minti ɗaya, da ya tsira. Amma shekara da shekaru bai taɓa ganin ka a wurin ƙa ya haɗiye ba, kuma tun jiya abin yana cinsa. Ya ji kalmar da kunnensa sarai. Ya rubuta Ƙoƙarina da babban harafi, ta ƙi. Ya rubuta da ƙarami, ta ƙi. Ya raba ƙoƙari da na, ta kulle. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa matar ta rubuta yadda take faɗa, don a wurinsa yadda take faɗa ba magana ba ce, kuskure ne da ake gyarawa.

"Haba, Malama!" ya ce, har da miƙewa. "Da ka zalla? Guda biyu? Ai dole ta ƙi buɗewa! Ƙoƙari ana rubuta shi ne da..."

Ya tsaya.

"Me ya ƙi buɗewa, Malam?" in ji Malam Mahdi a hankali.

"A'a, ranka ya daɗe, ina nufin... a ƙa'idar rubutu..."

"Ban gaya wa kowa a ɗakin nan cewa wani abu ya ƙi buɗewa ba. Daga ni sai ita sai Damaturu. Kai a ina ka ji?"

"Jiya bayan la'asar na gan shi ya dawo," in ji Malama Jamilatu. "Ina jiran keke a bakin get. Ya ce min tabarau ya manta. Tabarau ɗin kuwa yana fuskarsa."

Wani malami ya tuna cewa ɗaliban da aka fara kama da tambayoyin gwaji duk 'yan lesin ɗin Sharfaddeen ne na yamma, wanda yake yi a zauren gidansa yana yi wa iyaye alkawarin cewa ɗansu ba zai faɗi ba. Kowa ya san wannan tun da daɗewa, ba wanda ya haɗa biyun, don sun riga sun sami wadda za su ɗora wa. Wannan ma laifi ne, kuma nasu ne su duka.

Sharfaddeen ya fara rantsuwa, ya koma shaiɗan ne, ya koma yana da iyali. Da aka matsa shi ya amsa na jiya, ya amsa na ranar Asabar. Har ya juya wajen Gumsu ya kira ta Hajiya, ita da ba ta taɓa zuwa Makka ba.

Gumsu ta ajiye allin ta kakkaɓe hannu. Tun safe ba ta ji jikinta da sauƙi haka ba, har yunwa ta fara ji. Ta dube shi ba tare da fushi ba.

"Malam, ka kasa," ta ce. "Kuma ka sha kasa. Ni a bakina duk daya ne. Kai da ka iya, ka sa lankwasar inda ta dace."

Malama Jamilatu ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi, wannan karon ba ta dole ba. Malam Mahdi bai yi dariya ba, amma bai hana ba.

Bayan an sauko daga masallaci Gumsu ta biya kasuwa ta sayi kifi da tattasai. A gida ta zaunar da Mubaraka ta ba ta labarin tun daga farko, ba ta tsallake nata laifin ba. Yarinyar ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ranar Asabar aka buga tambayoyi, ranar Litinin aka fara jarrabawa, ba takarda ɗaya da ta fita. A taron safe Malam Mahdi ya tsaya gaban ɗalibai da malamai ya ce Malama Gumsu ba ta da hannu a abin da ya faru, kuma duk wanda ya sake yi wa 'yarta gori zai gamu da shi. Har yanzu in za ta rubuta kalmar sirri sai ta ciji hijabi, malamai sun saba, ba mai tambaya.

Malam Sharfaddeen kuwa, ranar Litinin ɗin Injiniya Abdulsalam ya goge sunansa daga saba. An karɓi makullinsa, an ba shi takardar kora da dalilin a rubuce, an aika kwafi ga iyayen 'yan lesin ɗinsa. Kafin ƙarshen wata zauren ya koma wurin ajiye babur. Ba makarantar da ta sake ɗaukarsa a Potiskum.